A Ba Baƙo Inuwa

Tunda ka ce duk abin da ba ka gane amfaninsa ba sai ka tumɓuke shi, zauna ka ji misalin wani mai aski. A garinsu akwai ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai tsohon take, kuma shi ne mai bayar da waƙar a bakin fili, jama'a na amshi. Gado ya yi, don mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi ne ma ya tsara taken. A cikin taken akwai wani baiti da ke cewa, "A ba baƙo inuwa, mu mu sha rana." Matasa sun daɗe suna ƙyamar baitin nan. Wai ina aka taɓa zuwa filin daga ana yi wa abokin gaba shimfiɗa? Ranar wasan kusa da na ƙarshe sai wani direban tasi mai muryar gangi ya danne mai aski, ya ja matasa suka rera, "A ba baƙo wuta!" Aka tashi masu gida sun ci biyu da nema. Ai kuwa washegari shagon aski ya koma kotu. Direba na rantsuwa cewa sabon baiti ne ya ci wasan, dattawa na cewa ba a taɓa kayan magabata, aka bar wani bawan Allah a kan kujera da rabin kai a aske. Daga ƙarshe direban ya juyo ya ce, "To, Malam, kai ne magaji. Faɗa mana ma'anar baitin. In babu, ranar wasan kofi ba mai rera shi." Kyaftin ɗin ƙungiyar ma ya sa baki, ya ce in alƙalin wasa ya jefa kwabo ya faɗo masa, ragar da ke ƙarƙashin tsamiyar bakin fili zai zaɓa, don gidansu ne, ba zai bar wa baƙo sanyi ba.

Ashe mai aski shi kansa bai san ma'anar baitin ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, shekara da shekaru yana rera maganar mahaifinsa kamar aku. Amma abin da ya fi damunsa mamaki ne. Ya san tsohon nan sarai, mutum ne da ko a dara ba ya ɗaga wa surukinsa ƙafa. Yaya aka yi irin wannan mutum ya zauna ya tsara wa abokan hamayya karamci? Ya tambayi tsofaffin 'yan wasa. Wani ya ce ladabi ne, wani ya ce don amon waƙa ya daidaita ne, wani kuma ya ce shi ma haka ya tarar. Amsa ba ta zauna masa ba. Sai ya riƙa juya wasan da aka ci a ransa, yana aski yana tunani. Ya tuna baƙi ne kwabo ya faɗo wa, suka yi wuf suka zaɓi ragar tsamiya, ta yamma. Ya tuna kafin hutun rabin lokaci ba wanda ya ci wani. Ƙwallaye biyun nan duk bayan an sauya raga suka shiga, kuma a duka biyun ya ga golan baƙi da hannu ɗaya a goshi kamar mai hangen jinjirin wata.

Bayan la'asar ya rufe shago ya tafi fili shi kaɗai, ya tsaya a ragar gabas, wadda ba ta da inuwa. Da farko zafi kawai ya sha, rana na bisa, yana ganin komai tangaran. Yana shirin tafiya kenan, wajen lokacin da akan dawo daga hutu, sai rana ta gangaro ta gefen tsamiya ta tsaya masa a ido cak. Ya nemi tsakiyar fili ya rasa. Nan ya tsaya yana dariya, hawaye na zuba, shi kansa bai san na rana ba ne ko na kewar tsohon. Kashegari ya kawo direba da kyaftin a daidai wannan lokaci, bai yi musu wani dogon bayani ba, ya tsayar da direba a ragar gabas ya ce, "Kama wannan." Kyaftin ya ɗan taɓa ƙwallo, bugun da ko tsohuwa za ta tare. Direba bai ga tahowarta ba, sai jin ta ya yi a hanci.

Ranar wasan kofi kwabo ya faɗo wa masu gida. Kyaftin ya russuna, ya nuna wa baƙi ragar tsamiya, har kyaftin ɗinsu ya riƙe hannunsa yana yaba tarbiyyar mutanen garin. Mai aski ya ɗaga murya ya bayar da baitin mahaifinsa, kuma duk filin ba wanda ya kai direba ƙarfin amshi, da kumburarren hancinsa. Masu gida suka sha rana tun tana sama, suka jure. Da ta sauko, golan baƙi ne a gabanta, hannu a goshi, ƙwallo na wuce shi. Da ma Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.