Ranar da Lesiba Ya Ci Gasar Harbi

Lesiba ya rataya abin toshe kunne a wuya kamar sarƙar amarya, sai da tsoho Frikkie mai kula da filin harbi ya zo ya ɗora masa a inda Allah ya ajiye kunne.

"Mu a gandun daji ba ma sa wannan," in ji Lesiba. "Kunne a buɗe muke aiki."

Ƙarya ce tsagwaronta. Lesiba mai facin taya ne, kuma abu mai kama da bindiga da ya taɓa riƙewa shi ne bakin famfon iska. Da ya baro birni ya kafa rumfa a ƙauyen Ga-Sekele, wata rana hira ta yi daɗi a shagon abincin Mmatlou, bakinsa ya suɓuce ya ce ya yi shekaru yana gadin namun daji. Tun daga nan Mmatlou ke ƙara masa tsoka a kan tuwon masara, tana kiransa Maharbi tana murmushi. To wane sakarai ne zai janye magana bayan an ƙara masa nama?

Sai ga Baba Malatji, shugaban masu shanu, ya tsaya a rumfarsa da taya lafiyayya. Wai taronsu ya yanke a yi gasar harbi ranar Asabar. Lesiba ba shi da ko kaza, bai san me ake tattaunawa a taron nan ba.

"Ba za a yi babu kai ba, ɗana. Bindiga ma zan ara maka."

Mmatlou kuma ta ce ita za ta gasa nama a wurin. Hanyar gudu ta toshe.

Filin na bayan gari: rumfar kwano, bencuna a jere, jar tuta, can nesa tudun ƙasa da takardu masu baƙin ɗigo a tsakiya, kowa da tasa. Lesiba ya nufi bencin ƙarshe inda ba a ganin mutum. Aka yi caa a kansa.

"Haba, Maharbi! Tsakiya ai taka ce."

Har da mai share masa benci da hula. Phuti, wanda aka ce yana kakkaɓo zabuwa tana sama, sai zufa yake yana cewa idonsa na ciwo tun jiya. Wani ya ce kafaɗarsa ta riƙe. Baba Malatji ya yi tsaki a kan ɗan maraƙinsa da aka tsinci rabinsa a kan bishiya, aka yi saurin canza hira.

Frikkie ya daka tsawa aka fara.

Lesiba ya rungumi bindigar kamar mai rarrashin jariri, ya runtse ido, ya ja kunama. Ta yi masa naushin da ya ji har a turamen haƙoransa. Da ya buɗe ido, ƙura ce ke tashi a ƙasa kusa da shi, wani ƙadangare na gudun ceton rai. Harsashi na biyu ya tafi gaida gajimare. Sauran kuwa Allah kaɗai ya san gidan da suka sauka. Hagu da dama bindigogi na ta tsawa, babu wanda ya kalle shi. Shi kuwa yana ta ɗinka uzuri: iska ce, rana ce, bindigar aro ce mai karkataccen hanci. Ya hango Mmatlou tana juya nama tana ɗago masa hannu, ya ji tsokar nan ta kullum tana yi masa sallama.

Aka sauke tuta, aka ajiye bindigogi a buɗe, aka taka zuwa tudu.

Takardar Phuti fes, ka shimfiɗa ka ci tuwo a kai. Ta Baba Malatji ko ƙwarzane babu. Haka ta kowa. Ta tsakiya kuwa, ta Lesiba, baƙin ɗigon ya tafi gaba ɗaya, ramuka sun hau kan ramuka, wani kamar ƙwayar wake, wani babban yatsa zai shige.

Frikkie ya dubi takardar, ya dubi Lesiba, ya buɗe baki. Baba Malatji ya danna masa busasshen nama a ciki.

"Kai!" in ji Phuti, idonsa ya warke nan take. "Wannan ba hannu ba ne, baiwa ce!"

Lesiba ya tsaya yana kallo. Abin haushi da maƙaryaci, shi ne farkon mai gaskata kansa. Wa ya sani? Wataƙila jini ne. An ce kakansa ya taɓa jifan kura.

"Kuma fa ido a rufe," in ji shi. Ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a ranar, ita kuma aka fi yi wa dariya.

Mmatlou ta rangaɗa guɗa. Aka ɗaga shi sama, aka dire shi a gaban rumfa. Baba Malatji ya miƙa masa sabon bargo, da fitila, da igiyar wata akuya mai ƙiba da ba ta daina kuka.

"Mmatlou, ƙara gawayi!" in ji Lesiba. "Yau Maharbi ne zai ciyar da gari. Ina wuƙa?"

"Wuƙa kuma?" Baba Malatji ya dafa kafaɗarsa, daidai inda bindiga ta nausa. "A'a, ɗana, ba ta yanka ba ce. A bakin rafi za ka ɗaure ta, ka zauna kusa. Hukuma ta ba mu izinin harbe damisar nan da ta ƙarar mana da maruƙa, taro kuma ya ce wanda ya fi kowa saiti shi zai jira ta."

Lesiba ya sake duban takardar da ke hannunsa. Harsashin kowa ya ratsa ta, ban da nasa.