Takwas da Bakwai a Gindin Madatsa

Na ga kana ta jujjuya kujera ɗayan nan da ke tsakanin jam'iyyarka da 'yan adawa a majalisa, har abinci ya daina yi maka daɗi. Ajiye ta tukuna, ka ji abin da ya sami wani manomin alkama.

A wani gari da ke gindin madatsar ruwa, manoman rani suna da majalisa mai kujera goma sha biyar. Ita ke yanke wanda za a sakar wa ruwa da lokacin da za a saka. 'Yan goshi, waɗanda ruwa ke fara isa gonakinsu, suna da kujera takwas. 'Yan wutsiya, waɗanda yake isar wa a gajiye, suna da bakwai. Manomin alkaman nan ɗan goshi ne, kuma mutanensa ne suka ɗora shi shugaba. Bai daɗe da hawa ba babbar magudana ta tsage, ruwa ya kama tsiyayewa cikin daji. In an bar ta, za ta ɓalle kowa ya rasa. In za a gyara, sai an rufe ruwa, wanda kuma rufewar ta faɗa kan shukarsa ya yi asarar shekara.

Cikin takwas ɗinsa akwai wani mai albasa da ya gane cewa ba a cika takwas sai da shi. Yau ya nemi a ƙara masa ranar ban ruwa, gobe ya nemi a ba ƙanensa gadin ƙofar madatsa. Shugaba yana lallaɓa shi kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Amma ba mai albasa ne ya fi ɗaure masa kai ba. Wani dattijo ne mai noman barkono, cikin 'yan wutsiya. Duk sanda shugaba yake bayanin gyaran, dattijon yana gyaɗa kai a hankali, irin na wanda magana ta shige shi. Da an zo ɗaga hannu kuwa, sai ya ɗaga tare da masu ƙi. Shugaba ya yi ta juya abin a ransa, ya rasa inda zai ajiye shi. Wata safiya ya hau kekensa ya bi magudana har ƙarshenta, inda rabonsa da zuwa tun yana saurayi.

Ya tarar da dattijon a duƙe cikin kunyoyin barkononsa yana cire ciyawa. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da aiki, ya ce, "Baba, wani abu ke ba ni mamaki. In ina magana kanka yana yarda, in an zo ƙuri'a hannunka ya ƙi. Wanne zan kama?"

Dattijon ya miƙe, ya karkaɗe tafinsa, ya ce, "Duka biyun gaskiya suke faɗa maka. Magudana tana son gyara. Amma lokacin da ka sa, alkamarku ta gama shan ruwa, barkonona kuwa yana fure. Tun da nake zama a majalisar nan ƙirga ni ake yi, ba a taɓa tambayata ba."

Daga nan tambaya ta kama shugaba kamar ƙaiƙayi. Ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, yana tsugunawa a bakin kunya, yana cin ɗanyen tumatir in an miƙo masa. Ya tarar bakwai ɗin da yake gani kamar katanga ba ƙasa ɗaya aka gina su da ita ba. Biyu ba abin da suke so illa in an dawo da ruwa a fara ta wutsiya. Ɗaya kuwa gyaran bai dame shi ba, tsohuwar gabar iyakar gona ce ta hana shi bin 'yan goshi. Da ya juyo kan nasa mutanen, abin da ya gani ya fi tsorata shi. Surukinsa, wanda bai taɓa saɓa masa ba a zama, ya yi shukar masara a makare, rufewar za ta kashe ta, kunya ce kawai take ɗaga masa hannu. Ashe takwas ɗin ma ba takwas ba ce.

Sai ya sake shiri. Za a yi gyaran gaɓa-gaɓa, a fara da wuri tun kafin barkono ya yi fure, in an saki ruwa kuma wutsiya ce za ta fara sha. Wannan ya ci wani yanki na alkamarsa, ya kuma sani. Mutanensa suka yi gunaguni, suna cewa sun ɗora shi ya tafi yi wa 'yan wutsiya fadanci. Ranar zama mai albasa ya ɗauki tabarmarsa ya koma wancan gefe, wani ɗan goshi kuma ya bi shi. Duk da haka shugaba ya ce a ɗaga hannu. Hannu shida suka tashi a gefensa, sannan uku daga wutsiya. Aka gyara magudana, masara ta yi goyo, barkono ya yi ja.

A zama na gaba, kan rabon taki, mutum ukun nan suka koma cikin 'yan'uwansu, aka kayar da shi. Bai yi fushi ba. Gari na wayewa ya hura wa kekensa iska, ya sake shiga gonaki, ya fara kuwa da gonar mai albasa.

Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, matambayi ba ya ɓata.