Motar Marigayi Malam

Sherif, kai ka kai ƙarata, kada ka musa. Shekara tara motar mijina marigayi Malam tana bakin gonata a Sakwa, ko inji babu, ba wanda ya tanka sai da na hana ka filin da ka nema a wurina.

Jiya masu kama motoci suka zo, wai takardunta na haya ne, ban sabunta ba.

Na ce, "'Ya'yan nan, kada ku ja ta."

Babbansu ya ce, "Iya, me kike ɓoyewa ciki?"

Suka ja ta har ofishinsu a Katagum, suka ɓalle ƙofa.

Yau sun aiko in zo in ɗauki abata, ƙudan zumar da nake kiwo ciki sun kori kowa daga ofis. Ba inda za ni. Wanda ya ɓalle ƙofar ya zo gaban Dagaci ya faɗi yadda zai dawo mini da su.