Akwati Huɗu Don Kwana Uku

Da jan biro Pernille ta zana wa uwar mijinta hanya a kan taswira, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

"Nan za ki sauka daga jirgin ƙasa, Gunhild. Nan otal. Ranar farko ki je fada ki ga sojoji masu dogayen huluna. Ta biyu ki shiga jirgin ruwa ya zaga da ke. Kuma don Allah kada ki tsaya a hanyar masu keke kina sakin baki. Kopenhagen ba ƙauyenku ba ce, take ki za su yi."

"To, 'yar nan," in ji tsohuwar, ta turo mata farantin kek.

Pernille ta yatsine fuska. Shekara shida ke nan ita da mijinta Asger suna zaune a wannan gida na bakin teku a yammacin Jutland, gidan da mahaifinsa ya mutu ya bar wa tsohuwar. Shekara shida tana shaƙar ƙarnin kifi, tana jin waƙar coci a rediyo, tana kallon labulen da ya girme ta. A ce mace ta kai saba'in da takwas ba ta taɓa taka babban birnin ƙasarta ba! Duniyarta daga coci sai maƙabarta, sai shan kofi da tsofaffi irinta.

Yawon nan dabarar Pernille ce. Ta samo ɗaki a gidan tsofaffi, ta yi magana da masu motar kwasar kaya. Kafin Gunhild ta gama kallon gumakan birni an kwashe komatsanta. In ta dawo a gajiye ta tarar da ɗaki wayam, sai ta sa hannu a takarda, gida ya zama nasu.

"Mama fa ba ta san komai ba," in ji Asger, yana sosa ƙeya.

"Yaushe ta taɓa sanin wani abu?"

Allah ya ba Asger tsawo da faɗin ƙirji, amma mijin-ta-ce ne.

Tsohuwa ba ta yi gardamar tafiyar ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta tafi ranar ƙarshen wata.

"Ashe har ke kina da kalanda," in ji Pernille.

Kullum suka dawo daga aiki sai ta tarar da kofuna a wurin wanke-wanke. Baƙin coci ba sa ƙarewa. Ran nan ma wani ta gani da tsani yana leƙen rufi yana rubuce-rubuce, ta ce a ranta ga wani ya sami wawiya. Akwatin wasiƙa kuwa Pernille ke fara buɗe shi, ba ta taɓa samun komai ba sai takardun coci. Ƙaramar kwamfutar da matar fasto ta ba tsohuwar, Pernille ta tabbata tire take yi da ita.

Ana gobe tafiya Gunhild ta wanke tagogi, ta raba wa maƙwabta tukwanen furanninta, ta fito da akwati huɗu. Har da cokulan azurfa, da Littafi Mai Tsarki, da hoton marigayi.

"Kwana uku, akwati huɗu! Yaƙi za ki?"

"Tsufa ne, 'yar nan. Ban san abin da zan nema a can ba."

Pernille ta taya ta ɗaurewa. Ai an rage wa masu mota aiki.

A tasha tsohuwa ta daɗe riƙe da hannun ɗanta. "Allah ya tsare ka, ɗana. Ka auri mace mai dabara, ba na jin tsoro a kanka."

Washegari, ɗaya ga wata, Pernille ta tashi da kuzari ta sauke labulen nan ta cusa a shara. Ƙarfe biyu ta yi da masu mota, amma sha biyu daidai ta ji tsayuwar babbar mota a ƙofar gida. Ta fito riƙe da ƙugu.

"Kun yi sauri. Ku fara da ɗakin tsohuwa. Abin da ya karye ma ba asara ba ce."

Direban ya dube ta, ya zaga ya buɗe bayan motar. Cike take maƙil da kujeru da katifu, har da gadon jariri.

Wata ƙaramar mota ta tsaya a baya. Mace mai tsohon ciki ta fito da ƙyar, makulli a hannunta, tana murmushi.

"Ke ce matar ɗan Gunhild? Sannu. Ta ce za mu tarar kun gama tattarawa. Wata uku ke nan da ta sayar mana da gidan ta kama ɗaki a Kopenhagen, yau sha biyu ya zama namu."