Kwalbar Mai Humra

Ka ce maganganun mutane a kan aikinka sun hana ka sakat, wannan ya yaba, wancan ya kushe. To, bari in ba ka labarin wata mata.

A wani gari an yi wata mai haɗa humra da turaren wuta, shekara talatin tana wannan sana'a. Hancinta shi ne jarinta. Daga bakin zaure takan gane an cika wa sandal wuta. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita mako uku, da ta tashi sai ta tarar hancin ya mutu. Ta kai kanumfari hancinta, ta ji kamar tsakuwa ta ɗauka. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san ranar da maganar ta fita, ranar ce masu saye za su sauya ƙofa. Da abin ya ishe ta, sai ta ce bari ta gwada ko hannu ya riƙe abin da hanci ya saki. Ta daka kanumfari da kirfa da ƙwayar masoro kaɗan, ta zuba man wardi da na yasmin, ta haɗa da sandal, da nufin ya zama turaren da miji da mata za su shafa daga kwalba ɗaya. Ta toshe bakin kwalbar, ta ajiye ta kwana arba'in. Ranar da ta buɗe, ba ta ji komai ba. Dole ta ari hancin wasu.

Na farko da ta ɗiga wa a bayan hannu wani direban babbar mota ne da ya zo saya wa iyalinsa turaren wuta. Ya shinshina, sannan ya ce wannan ai na maza ne, yaji ne zalla, har cikin ƙirji yake ɗumama mutum. Ta biyu mai kitso ce, maƙwabciyarta. Ita kuwa ta lumshe ido ta ce ba ta ji yaji ko kaɗan ba, fure ne tsantsa, kuma duk namijin da ya shafa shi ya shiga gonar mata. Ta ukun wata dattijuwa ce da ke saƙa tabarma. Tana kai hannun hancinta ta janye shi kamar ta taɓa garwashi, ta goge da gefen zaninta, ta ce, "Kawar da shi daga kusa da ni." Ta fita ko sallama babu.

Mai humra ta mayar da murfin kwalbar. A ranta ta ce turaren da mutum uku suka kasa haɗa baki a kansa ba turare ba ne, kwamacala ce, kuma ga shaida hannun ma ya bi hancin. Ta tura kwalbar ƙarƙashin gado, ta fara tunanin wanda za ta sayar wa kaskonta da turminta.

Kwana huɗu da haka, sai ga direban ya dawo. Ya ce tun daga nan har Legas yana kai hannunsa hanci. Mahaifiyarsa mai dakan yaji ce, a bayanta ya girma tana daka, kuma rabonsa da jin ƙamshin wuyanta shekara ashirin ke nan. Mai kitso ma da suka zauna hira sai ta ba da labarin wata bishiya mai fararen furanni a ƙofar gidansu na ƙauye, wadda ke buɗe ƙamshi idan an yi yayyafi. An sare bishiyar tun mai kitson tana budurwa.

Dattijuwar ce ta zo a ƙarshe, bayan la'asar. Ta daɗe a tsaye kafin ta zauna. Ta ce mijinta mutum ne mai son wardi da kanumfari, da su yake turara rigarsa ta Juma'a, da su kuma aka shafe likkafaninsa. Ranar nan da ƙamshin ya buge ta, gani ta yi kamar yanzu ake fita da shi. Amma da ta je gida ta kasa wanke zanin da ta goge hannu da shi. Ta miƙo wata ƙaramar kwalba da ta ƙulle a haɓar mayafinta, ta ce, "Ɗiga mini kaɗan, 'yar nan. Ba shafawa zan yi ba."

Mai humra ta jawo kwalbarta daga ƙarƙashin gado, ta riƙe ta da hannu biyu. Ruwa ne ja-ja da bai kai cikin ludayi uku ba, ita da ta haɗa shi ba ta san ƙamshinsa ba, amma ga uwar wani a ciki, ga bishiyar da aka sare, ga mijin wata sanye da rigar Juma'a. Ta yi tasbihi ga Wanda ya halicci hanci, ya kuma adana wa kowa ƙamshin gidansu a cikinsa. Ba ta ƙara ko ɗigo a haɗin ba, ba ta rage ba. Duk wanda ya tambaye ta na maza ne ko na mata, sai ta miƙa masa ta ce ya shinshina ya gaya mata.

Saboda haka idan mutane sun saɓa a kan abin da ka yi, kada ka yi saurin fasa shi. Saurari daga inda kowannensu ya fito. Hausawa sun riga sun faɗa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.