Ƙarar da Motar Mai Burodi Ke Yi da Safe

Tun da mijinta ya rasu, ita ke tuƙa motar burodin. Shi ya koya mata tuƙi tun yana da lafiya, kuma da wannan mota take ciyar da 'ya'yanta. Da sassafe ta ɗauko burodi daga gidan gashi, ta bi masu shaguna da masu shayi tana saukewa. Unguwa har ta mance da sunanta, kowa Mai Burodi yake ce mata.

Abu guda ke damunta. Duk safiya in ta murɗa makulli, sai injin ya kama ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, jar fitilar man injin nan mai hoton buta kuma ta daɗe ba ta mutu ba. Can sai ƙarar ta lafa, motar ta tafi sumul kamar ba ita ba.

Ƙanin mijinta ne ke kai motar juyen baƙin mai. Shi ya ɗora wa kansa aikin, wai gareji ba wurin mata ba ne. Nata dai ta miƙa masa kuɗi, ɗayan makullin dama yana hannunsa, da yamma ya dawo da mota an wanke ta fes.

Da ta gaya masa zancen ƙarar, dariya ya yi.

"Matar Yaya ke nan. Sanyin safiya ne. Ke ma in kin tashi ai sai kin yi gyaran murya."

"Gyaran muryata ba ya kunna jar fitila."

"Bar wa maza zancen inji. Ke dai ji da burodinki."

Ta so ta kai motar da kanta. Sai ta tuna surukarta, ta tuna za a ce daga mutuwar miji ta fara zargin danginsa. Ta haɗiye maganar. Ƙarar kuwa kullum tsawo take ƙarawa.

Wata safiya tana hawan gada, mota shaƙe da burodi mai zafi, injin ya yi wata muguwar bugawa ya yi shiru. Ta murɗa makulli, ko motsi. Nan ta tsaya ana danna mata hon, burodi na gumi cikin leda, masu shayi na can suna jira. Kafin mako ya fita, gidan gashi ya ba wani mai mota layin da take rabon burodi.

Bakaniken da ya janye motar tsohon abokin mijinta ne. Da ya kwance ƙasan injin, ya yafito ta.

"Hajiya, zo ki gani da idonki."

Man ya zama kamar kwalta. Ya nuna mata wata 'yar rariya da ta toshe, ta yi baƙi ƙirin.

"Ta nan famfo ke zuƙo mai. In mota ta kwana, man duk ƙasa yake komawa. To in ya yi kauri haka, kafin ya kai sama ƙarfe ya riga ya fara cin ƙarfe. Ƙarar da kike ji ke nan."

"Amma ai ana juye a kan kari," in ji ta.

Ya kwanto filtar da ke tace man, ya goge ta da tsumma, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Wannan ni na ɗaura ta. Marigayi yana tsaye nan inda kike."

Nan ta gane tun rasuwar mijinta ba a yi juye ba, ƙaninsa cinye kuɗin yake yi.

"Da kin zo tun farko," ya ce, "juye ne kawai, da sabuwar filta, a wanke rariya. Kafin rana ta take kin kama gabanki. Yanzu kam injin ya tafi."

Ta ƙulle filtar a leda, ta wuce kai tsaye ɗakin surukarta, ta ajiye ta a tsakiyar tabarma. Ƙanin mijin yana zaune a wurin. Ya kalli ledar sau ɗaya, ya koma kallon farcensa.

Tsohuwar ta saurari labarin, ta yi ajiyar zuciya.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ƙaddara ce, shi kuma ɗan'uwa ne. A sayar da gangar jikin motar, ki zauna a ɗakinki, za mu riƙa duba ku."

"Inna, ƙaddara na san ta, ita ta ɗauke min miji, kuma ban yi mata gardama ba. Wannan cin amana ne. Motar ba ta sayarwa ba ce, ni kuma ba mai zama ba ce." Ta juya ga ƙanin mijin, ta buɗe tafin hannu. "Ɗayan makullin."

"Yau ni kike yi wa haka, matar Yaya?"

"Makulli na ce."

Ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta yi wa tsohuwar sallama.

Kafin ta sami tsohon injin da za a ɗora, keken ɗinkinta ya tafi kasuwa, gadonta ya bi shi. Ranar da aka ɗora, tana tsaye a kai har aka gama. Ta sa bakaniken ya nuna mata yadda ake zaro ma'aunin mai, da yadda lafiyayyen mai yake a ɗan yatsa. Ta murɗa makulli da hannunta, fitilar ta mutu nan take, injin ya tashi ba hayaniya.

Amma layinta bai dawo ba. Shago-shago take bi yanzu tana neman sababbin masu saye, babbar 'yarta kuma tana gida babu kuɗin makaranta, zangon karatu ya wuce ta.

Mai karatu, injin da ke ƙara da safe taimako yake nema, a kai shi a duba tun gyaran yana ƙarami. Abin da kake ci da shi kuwa, kada kunyar kowa ta hana ka tsayawa a kansa da ƙafarka.