Buhu da Ɗinkinsa

Tsohuwa ta jawo buhun tallafi a ƙasa har gaban shugabar masu rabo, tana haki.

"Tashi ki ɗauka, 'yar nan!"

Shugabar ta kama kunnuwan buhun ta yunƙura. Ko motsi bai yi ba.

"To kin gani! Kun ce mu mata za a riƙa miƙa wa abinci, mun gode. Amma da wuyan wane ƙato kuka auna wannan? Dole mu kira 'yan dako, su farke shi a hanya su ɗebi ladansu. Marayu nake ciyarwa. A cikin wa zan rage?"

Da wata ya zagayo, ta dawo da faɗa fal bakinta. Sai ta tarar an raba kowane buhu biyu, daidai kan mace. Ta nemi abin da za ta yi faɗa a kai ta rasa.

"Allah ya yi miki albarka!" ta daka wa shugabar, kamar mai tsawa.

Sawu biyu ta yi da kanta, ta gaban 'yan dako. A gida jikokinta suka yi ta neman wuƙa, don ba su taɓa ganin buhu ya shigo da ɗinkinsa ba.